Reshen Magarya a Zauren Majalisa

Yayana Elphas Masombuka bai taɓa saran kwal da hannunsa ba, duk da cewa a babban hotonsa da ke kafe a hanyar shiga garinmu Emalahleni yana sanye da hular 'yan rami har da fitila a goshi. Aron hular aka ba shi ranar ɗaukar hoto, ta ma yi masa yawa. Shi direban tankar ruwa ne. Tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari, aikinsa ya bi hanyoyin cikin mahaƙa yana yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Kafin ya juyo ta sake tashi, ya sake bi. Ni Nomasonto, ƙanwarsa, mai suyar fanke a tashar motoci, Buti nake kiransa, wato yaya a yarenmu. Nakan ce masa, "Buti, kai da mai ɗibar ruwa da kwando ba ku da maraba." Sai ya yi murmushi ya ce ai don ban taɓa ganin bakan gizon da ke bin bayan motarsa da hantsi ba ne. Haka Allah ya yi shi. Nuna masa juji, ya hango maka fure.

Matarsa Lettie 'yar gidan Kabini ce, don haka NaKabini yake kiranta, mu ma duk muka bi. Mace ce mai shiru, mai tsabta har ta ba ka haushi, kuma tana da fuka. To, a unguwarmu wa ba ya tari? Tari a wurinmu kusan gaisuwa ne. Hayaƙin tashoshin wuta da na tsofaffin ramukan da ke ci ta ƙarƙashin ƙasa yakan sauko ya kwanta a kan rufin kwano, ki shanya farin zane ki ɗauke shi ruwan toka. Amma nata ya fi na kowa. In tana numfashi sai ki ji ɗan fito a ƙirjinta, shi kuwa ya ce tsuntsu ta haɗiye tana yarinya, bai gaji da waƙa ba.

Bayan ya ajiye aiki aka zo taron jin ra'ayin jama'a a zauren gari, kan dokar sauyin yanayi da harajin da za a ɗora wa masu hayaƙi. Mu dai mun je ne don an ce akwai abinci. Ban ankara ba sai ga Buti a tsaye, hula a hannu, yana ba da labarin yadda kwal ya yi masa rufi, ya kai 'ya'yansa makaranta, ya binne mana uwa cikin mutunci. Murya gare shi irin ta limamin coci, mai sanyi, mai shiga jiki. Washegari da sassafe sai ga wani mutum mai ƙyallin takalmi a ƙofar gida, Khulekani Zwane, ya ce Haɗaka ce ta aiko shi.

Bari in faɗa muku Haɗaka yadda mai fanke ta fahimce ta. Kamfanonin kwal da na siminti da na narkar da ƙarfe, kowanne in kin gan shi a talabijin itace yake dasawa, yara na kewaye da shi suna dariya, yana rantsuwa cewa ya fi kowa ƙaunar sararin sama. Ba wanda zai fito da sunansa ya ce ba ya son a rage hayaƙi. Sai suka yi karo-karo suka kafa Haɗaka, ita ke jifa su kuma su ɓoye hannu. Ita ɗin ma ba ta taɓa cewa a'a. Cewa take, ba yanzu ba. A ɗage, a sake nazari, a kafa kwamiti, a ƙara wa masana'antu lokaci. Mutanenta suna kwana suna tashi a barandar ofisoshi, suna shan shayi da duk wanda ke riƙe da alƙalami. Abu ɗaya suka rasa. In mai kwat ya ce ba yanzu ba, kowa ya san cikinsa yake karewa. In tsoho mai farin gemu ya faɗa, sai ido ya kawo ruwa.

Haka yayana ya zama bakinsu. Abin da ke ƙona mini rai har yau, ba ƙarya yake yi ba. Kwal ya ciyar da mu, ni ma 'yan mahaƙa ne ke cinye fankena. Suka yi ta yawo da shi gari gari, Secunda, Polokwane, Pretoria. Yakan dawo da ƙananan sabulan otal a aljihu ya ba matarsa, ya zauna yana ba mu labarin labule da kafet kamar wanda ya leƙa aljanna aka ce ya dawo tukuna.

"Buti," na ce masa wata rana, "su wa kake yi wa magana, mu ko su?"

"Duk ɗaya ne, Sonto. In tukunya ta fashe, da mai tuƙi da mai lasar muciya duk sun kwana da yunwa."

"To mai shaƙar hayaƙin murhun fa?"

Ya ce bakina ya fi man suyata zafi, ya ci gaba da goge takalminsa.

Da aka ce za a kai shi Cape Town, gaban kwamitin majalisa, an ba shi damar tafiya da mutum ɗaya saboda shekarunsa. NaKabini ta ce ita ce. Ba ta taɓa ganin teku ba, kuma wata nas ta gaya mata iskar teku na buɗe ƙirji. Safiyar jawabin ya kai ta bakin ruwa, ya zaunar da ita a wani koren benci, jakarta a cinya, ɗan famfonta na shaƙa a hannu. Ya ce, "Jira ni nan, jawabin ba zai daɗe ba." Ya je ya yi, aka tafa masa, aka ja shi cin abinci, aka ɗauki hotuna. Da ya dawo ya tarar da mutane sun kewaye bencin, wata baiwar Allah ta cire mayafinta ta rufa mata.

Haɗaka ta kawo gawar gida, ta ɗauki nauyin komai, ta aiko da furanni da ba su shiga ƙofa ba sai a karkace. Ba zan tauye musu wannan ba. Amma gawa daban, kurwa daban. A wurinmu wanda ya mutu nesa da gida, kurwarsa na nan inda ya faɗi, ba ta san hanya ba, sai an je an ɗauko ta. Ana yanko reshen magaryar kura, a je wurin, a kira mamacin da sunansa a ce ya hau. Daga wannan lokacin wanda ke riƙe da reshen ba ya waiwaye, ba ya yi wa wani mai rai magana, sai mamacin kaɗai. Yana gaya masa kowace kwana da kowane rafi da za a ƙetare, har a tsallaka ƙofar gida. In ya kuskura ya amsa wa wani, mamacin zai ɗauka an iso, ya sauka a nan, kuma ba a ɗauko mutum sau biyu. Ni 'yar coci ce, ina da rigar ƙungiyar mata da komai, amma ban taɓa ganin wanda ya yi wasa da wannan ba, ko fastonmu.

Cape Town kuwa ba nan kusa ba ce. Aka yi ta cewa bayan sanyi, bayan Kirsimeti, bayan an biya wa jika makaranta. Mu ma ashe mun iya ɗagewa.

Sai ta fara zuwa masa a mafarki. Da safe in na biya kai masa fanke zan same shi a kan kujera a bakin ƙofa, shayi ya huce a gabansa, idonsa a can wani wuri.

"Ta zo?"

"Ta zo. Tana bencin nan. Hazo ya jiƙa mata ɗankwali. Jakar na cinyarta, ta haɗa gwiwoyi kamar mai jiran bas."

"Ta ce me?"

"Ba ta yi mini faɗa. Kin san ta. Sai dai ta ɗago ta ce, Masombuka, ba ka gama jawabin ba?"

Ya rame. Wandonsa ya koma riƙe da igiya. Wani lokaci yana tsakiyar magana sai ya karkata kai, ya ce yana jin ruwa na dukan dutse, alhali manyan motocin kwal ne ke wucewa. Khulekani ya yi ta zuwa da gayyata, Buti na ba shi haƙuri. Rannan sai na ji ya amsa. Majalisa kuma, Cape Town kuma, zama na ƙarshe kafin a yanke hukunci kan harajin hayaƙi. Na ajiye kwanon fanke na tsaya a kansa.

"Ba ka da kunya, Buti? Garin da ya cinye maka mata? Mutanen da..."

Ya ɗaga katifa ya nuna mini. Reshe ne ɗanye, tsawon kamu, ganyensa na sheƙi, ƙayarsa bibbiyu, ɗaya miƙe ɗaya lanƙwashe. Ya je har bayan tudun toka ya yanko shi.

"Su za su kai ni, su za su dawo da mu," ya ce. "Da safe in yi musu jawabinsu, in fita hakkinsu. In na fito in wuce bakin ruwa in ɗauke ta, mu hau jirgin rana. Ke ce bakina a hanya. Dama bakin naki ya ishi mutum biyu."

Ban taɓa shiga jirgi ba, kuma ba zan ɓata muku lokaci da yadda na ƙanƙame hannun wani bawan Allah da ban sani ba. Mun kwana a otal. Da safe Buti ya sa kwat ɗinsa, ya soke reshen a cikin doguwar jakar takarda, muna shan shayi sai ga Khulekani ya shigo fuska kamar an yi masa albishir da ɗa namiji.

"Baba, an ɗage! Mutanenmu sun yi mako suna bin ofis ofis, jiya aka amince. Sai bayan hutu. Yau ba jawabi, ku huta, ku ga gari, in zo in kai ku filin jirgi."

Buti ya dube ni, na dube shi. A duk shekarun da ya yi da Haɗaka bai taɓa ganin ta ce an ɗage abu ya ƙi ɗaguwa ba. Ya yarda da wannan kalmar fiye da yadda ya yarda da fitowar rana. Ko shayin bai ƙarasa ba ya ce mu tafi.

Hazo ya rufe bakin ruwan, irin wanda yake gani a mafarki. Ba na ganin teku, sai dai in ji shi, yana ja yana saki, yana ja yana saki, kamar babban mutum na barci. Fararen tsuntsaye na fitowa daga cikin farin su sake nutsewa. Turawa na wucewa da gudu da karnukansu, ba ka jin takunsu sai sun gifta. Bencin na nan, kore, ba kowa a kai, raɓa ta kwanta masa. Buti ya cire hula ya miƙa mini. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya zaro reshen ya shafa shi a hankali a kan katakon, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya kira ta da sunan gidansu, ya kira ubanta da kakanta, ya yi musu kirari. Sannan ya sassauta murya.

"NaKabini, ni ne. Na gama. Na daɗe, ki yi haƙuri. Sonto ce tare da ni, kin ji ƙanshin mai. Tashi ki hau, gida za mu."

Ganyen ya motsa. Iska ce, na sani, bakin teku ne. Amma na rantse na ji ƙanshin man kafur ɗin da take shafa wa ƙirji, ya zo ya wuce ta gefen kuncina. Na yi kuka, kuka sosai, har da majina. Yayana kuwa ya miƙe tsaye sumul kamar an sauke masa buhu, ya riƙe reshen a ƙirji, ya ce mata, "Ga matakala, a hankali."

Ba mu yi nisa ba motar Khulekani ta ci burki a gefenmu. Ya fito waya a kunne, gumi a goshi cikin wannan sanyin. Wai mutanen da suka kwana a bas daga garuruwa don a ji su sun zauna a matakalar majalisa suna waƙa, sun ce ba inda za su. Shugabar kwamiti ta fito ta gan su, ta koma ta soke ɗagewar. Za a zauna yanzu yanzu, kuma an riga an sanar Baba Masombuka zai yi magana.

"Baba, shiga mota, Allah ya taimake mu kana da kwat a jiki. Baba?"

Buti na kallon gabansa. Idon Khulekani ya sauka kan reshen, wayar ta zame daga kunnensa. Ɗan Zwane ne, ya san al'adarmu, ba sai an yi masa bayani ba.

"Mama, ba dai..."

"Shi ne."

"Kai! Yau na shiga uku." Ya dafe kai ya zaga motar ya dawo. "Mama, ba za a iya ajiye shi ba? Ɗan lokaci kaɗan, a mota, in kulle, in kunna mata rediyo ma."

"Jakar kayanka ce? In uwarka ce za ka kulle ta a mota ka je shan shayi?"

"Aikina ne zai tafi, Mama. Ina da yara."

"Ita ma tana da su."

Ya sunkuyar da kai. Sai ya ce to Baba ya zo ya zauna kawai a gan shi, shi zai ce mura ta kama masa murya, ya karanta jawabin a madadinsa. Na buɗe baki in wanke shi tas, sai na ji Buti na magana ƙasa ƙasa.

"NaKabini, kin tuna Khulekani, wanda ya kawo furanni. Yana cikin matsi. Za mu ratsa wani gida, babba, mai dogayen ginshiƙai. Ba gidanmu ba ne. Kada ki sauka."

Na so in shaƙe shi. Amma ba a jayayya da mai reshe, ba zai amsa ba.

Zauren sanyi ƙalau, kafet mai laushi har ƙafa na nutsewa, kujeru a jere suna hawa kamar na coci. Mutanen Haɗaka na gefe guda cikin kwat, masu waƙar matakala na ɗaya gefen da bargunansu. Aka zaunar da Buti a gaban abin magana, ni a bayansa. Khulekani ya miƙe ya fara zancen mura, shugabar ta ɗaga hannu. Mace ce mai jiki, da tabarau a kan hanci, irin malaman makarantar da ba a yi musu ƙarya sau biyu.

"Haɗaka muna jin ta kullum, har a hanyar banɗaki. Baban nake so in ji, ko da raɗa ne." Ta juyo da fara'a. "Baba Masombuka, sannu da hanya. Ka zo lafiya? Ya mutanen gida?"

Yayana mutum ne da ko akuya ta yi masa kuka sai ya amsa. Shekara da shekaru bai taɓa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba, balle ta babba, a gaban jama'a. Na ga kafaɗarsa ta ɗaga, na ga leɓensa ya buɗe, kalmar na bakinsa. Na ce shi ke nan, NaKabini za ta sauka a nan, ta dawwama a tsakanin kujerun nan tana sauraron a ɗage, a sake nazari, har tashin duniya. Na kai hannu na mintsine shi a baya da duk ƙarfin yatsun da suka saba murza ƙullu.

Ya rufe baki. Ya sunkuya kan reshen. Jar fitilar abin maganar na kunne, shi bai lura ba, ni kuma ban san yadda ake kashewa ba.

"NaKabini, mun shigo. Waɗannan su ne masu yin doka. Mai gaishe ni babbarsu ce, mutuniyar kirki, za ta yi mini uzuri. Nan na zo ranar da na bar ki. Kin sha tambayata ko na gama, ban taɓa gaya miki abin da na ce musu ba. Na ce kwal ya yi mana rufi ya kai yara makaranta. Kin san haka ne, ke kika zaɓi kalar kwanon. Na ce su jira, ba yanzu ba, a ƙara lokaci. Ke ma abin da na ce miki ke nan."

Muryar nan tasa ta cika zauren, a hankali, ba hanzari. Masu fassara na cikin ɗakinsu na gilashi suna zuba ta a kunnen waɗanda ba sa jin yarenmu. Ba wanda ya motsa.

"Kin ji iskar nan? Wankakkiya ce, inji ke tace ta. Tun da muka shigo ban ji tsuntsunki ba. Na san da daɗi. Kada ta ruɗe ki. Ba wanda ya san ki a nan, ba mai kiran sunanki ran biki, ba mai zuba miki ko kofin shayi. Can gida hayaƙi na nan yadda kika bar shi, ba zan ɓoye miki ba, har ya ƙaru, an buɗe sabon rami bayan makaranta. Ƙaramar jikarki ta gado ƙirjinki, famfon da kika bari shi take shaƙa. Amma tana tambayarki. Ki daure. Saura kaɗan mu tashi."

Ya shafa ganyen da babban yatsa. Wani ɗan majalisa ya jawo abin maganarsa zai yi tambaya, dattijon da ke kusa da shi ya dafa masa hannu ya girgiza kai. Shugabar ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi. Da ta ɗago, ba shi ta kalla ba, ni ta kalla.

"Mama, ku kai ta gida. A buɗe musu ƙofa. Kada kowa ya tare su da gaisuwa."

Kada ku tambaye ni abin da ya sami dokar. Na ji an ce wani sashe ya wuce, wani an sake ɗage shi, ni dai ban ga sama ta canza launi ba. Haɗaka ba ta ƙara neman yayana ba, shi ma bai neme ta ba.

A mota wayar Khulekani na ta ruri yana kifa ta. Buti na gaya wa matarsa kowace kwana. A filin jirgi aka ce sai reshen ya bi ta cikin injin bincike, na fara ɗaga murya, amma matar da ke wurin ta dubi reshen ta dubi tsohon, ta ɗauko faranti ta goge shi da hannun rigarta. "Za ki shiga ɗan duhu," ya ce mata, "ina ɗaya bakin ina jiranki." Ya tsaya da hannu biyu a buɗe har ta fito.

Sai a bakin ƙofar shiga jirgi na tuna. A motar haya akan biya wa mamaci kujerarsa, ba a ɗora babba a cinya kamar yaro. Mu kuwa kujera biyu gare mu. Na faɗa a fili, don haushi. Khulekani, da ke gabanmu a layi da takardar shigarsa a hannu, ya fita daga layin ya koma gefe.

"Tawa ta jikin taga ce, Mama, kusa da ta Baba. Ba wanda zai zauna."

"Ka ce wa oganka me?"

"Jirgi ya bar ni. Yau ai ranar abin mamaki ce."

Na so in gode masa, bakina ya ƙi. Na ce ya riƙa cin abinci, ya rame.

Buti ya kwantar da reshen a kujerar taga, ya ɗaura masa bel. Muka huda hazo muka fito cikin rana. Ya jingina yana nuna mata ƙasa, duwatsu, sannan wani jan fili da ba iyaka, inuwar gajimare na tafiya a kai kamar garken tumaki. "Ga babban kogi, za mu ƙetare, ɗage zanenki." Mai rabon shayi ta tambaye shi me zai sha, na ce ba ya sha, amma ta ajiye ɗaya a wurin taga, da madara, sukari biyu. Ta ajiye ba ta tambaya ba.

Da jirgi ya sauke mu a Johannesburg muka hau motar haya, na biya kujera uku. Rana ta yi ƙasa lokacin da dogayen bututun tashoshin wuta suka fara tasowa daga cikin gonakin masara, hayaƙinsu ya miƙe ya kwanta a gefen sama, ja ja, har da kyau in ba ka san shi ba. Warin ya shigo motar, wannan warin ashana da muka daina ji tun muna yara don sabo, sai wanda ya yi kwana biyu a wani wuri ke jinsa. Buti ya daina magana. Muka wuce gada bai gaya mata ba. Na zungure shi, ya ce a gajarce, "Gada."

Muka sauka a bakin layinmu. Maƙwabta sun sani, duk wanda ya hango mu sai ya juya baya ya kama wani aiki. Ga gidan can, 'ya'yansa da jikoki a tsakar gida sun yi shiru, akuyar yanka a ɗaure. Sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Hayaƙin yamma ya sauko har gwiwa, wata mata na tari a bayan katanga.

"NaKabini," ya ce, "can kina numfashi. Na ji da kunnena. Ni ne na kasa barci, ba ke ba. In na yi son kai ne..."

Bai ƙarasa ba. Ni kuwa ba abin da zan iya, ba ni da bakin da zai shiga tsakaninsu. Na tsaya riƙe da hularsa ina addu'ar duk da ta zo mini. Ban san me ta ce masa ba. Na dai ga ya karkata kai yana saurare, ya daɗe, sannan ya ɗan yi dariya ta hanci, irin ta mutumin da aka ce masa ya daina shirme.

"To. Ga ƙofa, ɗaga ƙafa."

Ya tsallaka. Ya ratsa tsakanin 'ya'yansa bai dubi kowa ba, ya shiga ɗakinsu, ya miƙa hannu ya soke reshen a saman ƙofa ta ciki. Ya ce mata an iso, ga gadonta, ga 'ya'yanta. Muka cika bakin ɗakin muna jiran kalmarsa ta farko ga masu rai. Ya juyo, idonsa jajur, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina.

"Sonto, rufe tagogin nan," ya ce. "Ta dawo."